Lamba mai alƙaluma miliyan 41: me aka gano, yaya aka tabbatar, kuma ina ta shafi mutane?

A ranar 21 ga Oktoban 2024, ƙungiyar GIMPS, wadda 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban ke haɗa ƙarfin kwamfutocinsu a cikinta don farautar wasu irin lambobi, ta sanar da gano wata lamba mai alƙaluma 41,024,320. Labarin ya zaga duniya, amma ya bar mutane da dama da fahimta iri biyu da ba daidai ba. Ta farko, cewa an gano lambar da ta fi kowace girma. Ta biyu, cewa sabuwar lambar za ta ƙara wa asusun banki da saƙonnin waya tsaro. Babu lambar da ta fi kowace girma, domin duk wadda aka ambata, da an ƙara mata ɗaya an wuce ta. Haka kuma babu bankin da zai kulle bayanansa da wannan lambar, saboda dalilin da za a zo gare shi a gaba.

Abin da aka samu shi ne lamba mafi girma da aka tabbatar tana cikin wani rukuni na musamman. Don a gane labarin sai an san wannan rukunin, an kuma san yadda masu lissafi ke iya yanke hukunci kan lambar da karanta ta kaɗai zai ci fiye da shekara.

## Girman lambar

A taƙaice ana rubuta ta 2^136,279,841 − 1. Wato a jera 2 har sau 136,279,841, a ninka su duka da juna, sannan a ɗebe 1. Alƙalami a nan yana nufin kowane ɗaya daga 0 zuwa 9, kamar yadda 2024 ke da alƙaluma huɗu, miliyan ɗaya kuma bakwai. Idan aka rubuta lambar a cike, tana farawa da 8816, tana ƙarewa da 551. Mai karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai yi kwana 475 kafin ya kai ƙarshenta. A buga ta a littafi mai alƙaluma 3,000 a kowane shafi, za ta cinye shafi fiye da 13,600. Masana kimiyya na kiyasta cewa yawan ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin samaniyar da ake iya hangowa lamba ce mai alƙaluma 80 ko makamancin haka. Saboda haka babu wani abu a duniya da ake ƙirgawa da wannan lambar. Ba don ƙirga ake neman irinta ba.

## Yadda ake rarraba lambobi

Lambobin da ake magana a kansu su ne na ƙirga, 1, 2, 3 har abin da ya yi sama, waɗanda ba su da rabi ko kwata. Rabon da kowa ya sani shi ne cika da mara: wadda ke rabuwa gida biyu daidai cika ce, wadda ke barin saura ɗaya mara ce. Lambar Oktoba mara ce, tunda ta ƙare da 1.

Rabo na biyu ya fi zurfi. Ana iya raba 12 gida 2 ko 3 ko 4 ko 6 ba tare da saura ba. Ita kuwa 13, duk yadda aka yi da ita sai ta bar saura, in ba gida 1 ko gida 13 aka raba ta ba. Irin su 13 ne masu lissafi ke kira firayim, kalmar nan ta cikin firayim minista, ma'anarta na farko ko na tushe. A wannan sharhin za a riƙa kiran su gagara-raba, irin su 12 kuma haɗaɗɗu. Jerin gagara-raba yana farawa da 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, kuma 2 ce kaɗai cika a cikinsu.

An kira su na tushe ne domin kowace haɗaɗɗiyar lamba daga gare su aka gina ta, kuma ta hanya ɗaya tak. Misali 360 daidai take da 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5. Ko an fara farfasa ta daga 36 × 10, ko daga 8 × 45, a kan waɗannan shida za a tsaya. Wannan ƙa'ida ce ta sa aka fitar da 1 daga rukunin. Da an bar ta, da 6 ta zama 2 × 3, ta zama 1 × 2 × 3, ta zama 1 × 1 × 2 × 3, maganar hanya ɗaya tak ta rushe ke nan. An yi zamanin da wasu masana ke lissafa 1 a cikin gagara-raba, amma yau an daidaita kan ajiye ta gefe, ita ba gagara-raba ba, ba kuma haɗaɗɗiya ba.

## Dalilin da ya sa babu ta ƙarshe

Kimanin shekara 300 kafin Miladiyya, Euclid, masanin Girka da ya zauna a Iskandariyya, wanda littattafan Larabci ke kira Uƙlidis, ya kawo hujjar cewa gagara-raba ba su da iyaka. Hujjar gajeriya ce. A ɗauki kowane jeri na gagara-raba, a ninka su duka, a ƙara 1. Duk wadda aka ɗauko daga jerin aka raba sakamakon da ita, sai ta bar saura 1. Ke nan ko dai sakamakon sabuwar gagara-raba ce, ko kuma akwai wata gagara-raba a wajen jerin da ke raba shi. Misali 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 + 1 yana ba da 30,031. Wannan haɗaɗɗiya ce, 59 × 509, amma 59 da 509 duka ba sa cikin jerin da aka fara da shi. Ko ta wace fuska, jerin bai cika ba.

Abin da wannan ke nufi ga labarin Oktoba shi ne, akwai gagara-raba da suka fi sabuwar girma, kuma ba su ƙirguwa. Ba a dai san su da suna ba.

Sai dai duk da ba sa ƙarewa, suna ƙara yin nesa da juna. Akwai 25 a ƙasa da 100, akwai 168 a ƙasa da 1,000, akwai 78,498 a ƙasa da miliyan ɗaya. Wato daga ɗaya cikin huɗu, an koma ɗaya cikin shida, an koma kusan ɗaya cikin goma sha uku. A 1896 Jacques Hadamard da Charles de la Vallée Poussin, kowa a nasa ɓangaren, suka tabbatar da ƙa'idar da ke bayyana saurin wannan raguwar. Bisa wannan ƙa'ida, a yankin lambobi masu alƙaluma miliyan 41, kusan ɗaya ce cikin miliyan 94 ke zama gagara-raba. Mai tsintar lamba da ka a wannan yankin ba zai kai ko'ina ba. Dole a nemi dangin da ya fi albarka, wanda kuma gwada shi ya fi sauƙi.

## Dangin Mersenne

Dangin su ne lambobi masu siffar 2^p − 1. A nan p na nufin sau nawa aka jera 2 aka ninka. An laƙaba wa dangin sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Idan p ta zama 2, 3, 5 ko 7, ana samun 3, 7, 31 da 127, dukkansu gagara-raba.

Sharaɗi na farko shi ne p ɗin ita kanta ta zama gagara-raba. In ta kasance haɗaɗɗiya, sakamakon ma haɗaɗɗe ne ko shakka babu: 2^4 − 1 shi ne 15, wato 3 × 5, kuma 2^6 − 1 shi ne 63, wato 7 × 9. Amma cika wannan sharaɗin bai isa ba. A gwada 11, za a samu 2,047, wadda ke daidai da 23 × 89. Mafi yawan p haka suke ƙarewa, shi ya sa bayan ƙarnoni ana nema, guda 52 kacal aka sani.

A 1644 Mersenne ya fitar da jerin p ɗin da ya ce su ne ke aiki har zuwa 257. Ya yi kuskure biyar: ya saka 67 da 257 alhali ba sa aiki, ya manta 61 da 89 da 107 alhali suna aiki. Sai da aka kwashe kusan shekara 300 kafin a gama tantance jerin nasa. A 1772 Leonhard Euler ya tabbatar da cewa 2^31 − 1, wato 2,147,483,647, gagara-raba ce. A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, da hannu, kuma ita ta riƙe kambun har 1951. Daga nan na'ura ta karɓi aikin. A 1952 kaɗai Raphael Robinson ya gano sabbi biyar da wata kwamfuta mai suna SWAC. George Woltman ya kafa GIMPS a 1996, kuma duk lambobin Mersenne gagara-raba 18 da aka gano daga Nuwamban 1996 zuwa Oktoban 2024 a ƙarƙashinta aka gano su.

## Gwajin da ba ya neman mai rabawa

A nan ne zuciyar al'amarin take. Hanyar da aka koya wa kowa a makaranta ita ce a yi ta gwada rabawa: 2 ta shiga? 3 fa? 5 fa? Wannan hanya na aiki ga ƙananan lambobi. Ga lambar Oktoba, sai an gwada masu rabawa har zuwa wata lamba mai alƙaluma sama da miliyan 20. Ko da duk kwamfutocin duniya aka haɗa, shekarun duniya ba za su isa a yi ko kusa da rabin rabin aikin ba.

Lucas ya ɓullo da wata hanya dabam, Derrick Lehmer ya gyara ta a 1930, shi ya sa ake kiran ta gwajin Lucas da Lehmer. Ana farawa da 4. A ninka lambar da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar Mersenne ɗin da ake gwadawa, a riƙe saura kawai. Sai a ɗauki sauran a sake yi masa haka. Yawan zagayen shi ne p a ɗebe 2. Idan sauran ƙarshe sifiri ne, lambar gagara-raba ce. Idan ba sifiri ba ne, haɗaɗɗiya ce.

A gwada da 127, inda p take 7, zagaye biyar ke nan. 4 × 4 − 2 ya ba da 14. 14 × 14 − 2 ya ba da 194, a raba da 127 saura 67. 67 × 67 − 2 ya ba da 4,487, saura 42. 42 × 42 − 2 ya ba da 1,762, saura 111. 111 × 111 − 2 ya ba da 12,319, wanda shi ne 127 × 97 cif, saura sifiri. An tabbatar da 127 gagara-raba ce, kuma ba a gwada raba ta da 3 ko 5 ko 7 ko sau ɗaya ba. A yi wa 2,047 irin wannan, bayan zagaye tara saura zai tsaya a 1,736, alamar haɗaɗɗiya ce.

Ga lambar Oktoba zagayen 136,279,839 ne, kuma a kowanne ana ninka lamba mai alƙaluma miliyoyi da kanta. Aiki ne mai nauyi, amma yana da iyaka. Abin da ya ƙara sauƙaƙa shi shi ne kwamfuta da sifiri da ɗaya take ƙirga, kuma a wannan tsarin lambar Mersenne jerin ɗaya-ɗaya ce zalla: 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111, lambar Oktoba kuma ɗaya ce a jere sau 136,279,841. Saboda wannan siffar, fitar da saura ba ya buƙatar doguwar rabawa, yanka lambar biyu ake yi a tara ɓangarorin.

Akwai abin lura game da 1,736 ɗin nan. Ya faɗa mana 2,047 tana rabuwa, amma bai ce uffan kan 23 ko 89 ba. Sanin cewa lamba na rabuwa abu ne dabam, sanin masu raba ta wani abu ne dabam, kuma na biyun ya fi na farkon wuya nesa ba kusa ba. Tun 1876 Lucas ya nuna 2^67 − 1 haɗaɗɗiya ce, amma sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da masu raba ta a wani taron masana lissafi a New York: 193,707,721 × 761,838,257,287. Misalin da ya fi wannan ƙarfi shi ne 2^1277 − 1. Alƙalumanta 385 ne kacal, an daɗe da sanin haɗaɗɗiya ce, amma har zuwa lokacin sanarwar Oktoba babu wanda ya san ko ɗaya daga masu raba ta. An yanke hukunci kan lamba mai alƙaluma miliyan 41, an kasa farfasa mai 385. Siffar lamba da irin tambayar da aka yi mata su ke kawo wahala, fiye da girmanta.

## Ranar ganowa da matsayinta a jeri

Luke Durant, ɗan shekara 36 a lokacin, daga San Jose a Amurka, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, shi ya gano lambar. Ya fara aikin a Oktoban 2023. Maimakon kwamfutar gida, ya yi hayar dubban na'urorin GPU, waɗanda asali don sarrafa hoto aka ƙera su, a cibiyoyin bayanai da ke ƙasashe 17, ya ɗora musu manhajar GpuOwl da Mihai Preda ya rubuta.

A ranar 11 ga Oktoban 2024 wata na'ura a birnin Dublin na ƙasar Ailan ta ba da rahoton cewa lambar ta ci gwajin farko. Wannan gwajin ya samo asali ne daga wata ƙa'ida ta Pierre de Fermat ta 1640, kuma yana da rauni ɗaya: duk gagara-raba tana cin sa, amma jefi-jefi haɗaɗɗiya ma takan ci. 341, wato 11 × 31, takan tsallake wani nau'insa, 561 kuwa, wato 3 × 11 × 17, ta fi ta iya ɓad-da-kama. Washegari, 12 ga Oktoba, wata na'ura a San Antonio da ke jihar Texas ta kammala gwajin Lucas da Lehmer, wanda shi ba ya barin ƙofar shakka.

To wace ce ranar ganowa? Masu cewa 11 suna da hujja: a lambobi masu wannan girman, yiwuwar haɗaɗɗiya ta yaudari gwajin Fermat ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har ma ta gaza yiwuwar na'urar ta yi kuskure. Masu cewa 12 suna tsaye kan al'adar lissafi, inda zato komai ƙarfinsa ba ya zama hujja. GIMPS ta ɗauki 12 ga Oktoba. Bayan nan an sake maimaita gwajin da manhajoji dabam-dabam a kan na'urori dabam-dabam kafin a sanar.

Haka ma kiran ta “ta 52” na buƙatar taka-tsantsan. Ita ce ta 52 da aka sani, ba lallai ta 52 a jerin girma ba, domin a lokacin sanarwar ba a gama gwada duk p ɗin da ke ƙasa da ita ba. An taɓa ganin haka: a 2008 aka gano 2^43,112,609 − 1, sai a 2009 aka gano 2^42,643,801 − 1, wadda ba ta kai ta ba.

## Rara, giɓi da kammala

Akwai wani tsohon rabon lambobi da sabuwar lambar ta taɓa kai tsaye. A ɗauki lamba, a tara duk masu raba ta ban da ita kanta. Na 8 su ne 1, 2, 4, jimlarsu 7, ba ta kai 8 ba: mai giɓi ce. Na 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6, jimlarsu 16, ta wuce 12: mai rara ce. Na 6 su ne 1, 2, 3, jimlarsu 6 daidai: kammalalliya ce. Nicomachus ya rubuta wannan rabon kimanin shekara ta 100 Miladiyya. Masanan Bagadaza da Alƙahira sun ci gaba da shi: Sabit bin Ƙurra, a ƙarni na 9, ya samar da hanyar gano lambobi aminan juna irin su 220 da 284, inda jimlar masu raba kowace ke ba da ɗayar, Ibn al-Haisam kuma ya yi aiki kan kammalallun.

Kowace gagara-raba mai giɓi ce ta ƙarshen giɓi, tunda 1 kaɗai ke raba ta. Amma kowace gagara-raba ta dangin Mersenne tana haifar da kammalalliya. Euclid ya nuna cewa in aka ninka ta da 2^(p−1), sakamakon kammalalle ne: 3 × 2 ya ba da 6, 7 × 4 ya ba da 28, 31 × 16 ya ba da 496, 127 × 64 ya ba da 8,128. Bayan kusan shekara dubu biyu Euler ya kammala ɗaya ɓangaren, cewa duk kammalalliyar lamba cika ta wannan hanyar kaɗai take fitowa. Saboda haka a ranar 12 ga Oktoba abu biyu aka samu a lokaci guda. Na biyun shi ne kammalalliya ta 52 da aka sani, mai alƙaluma 82,048,640, wadda ke ƙarewa da 6.

Ko akwai kammalalliya mara? Babu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya, babu kuma wanda ya tabbatar babu. Abin da aka tabbatar a 2012 shi ne in har akwai, to alƙalumanta sun haura 1,500.

## Mahawara kan amfanin neman

Kafofin labarai sun ruwaito cewa Durant ya kashe kimanin dala miliyan 2 daga aljihunsa, ladan da GIMPS ke bayarwa kuwa dala 3,000 ne. Wannan ya ta da tsohuwar tambaya: aikin ya cancanci kuɗin da wutar lantarkin da yake ci?

Masu suka suna cewa sabuwar lamba ba ta zo da sabuwar ƙa'ida ba. Hanyar gwajin ta 1930 ce, abin da ya ƙaru shi ne ƙarfin na'ura. Ko an gano dubu, ba zai amsa babbar tambayar ba, wato ko gagara-raba na dangin Mersenne suna da iyaka ko ba su da ita. A ganinsu abin ya fi kama da kafa tarihi a wasanni fiye da bincike.

Magoya baya suna kawo hujja uku. Kowace sabuwa tana ba da damar auna hasashen da masana suka yi kan tazarar da ke tsakaninsu, kuma a jerin da bai wuce 52 ba, guda ɗaya ba ƙaramin ƙari ba ne. Neman ya tilasta inganta hanyoyin ninka manyan lambobi, waɗanda ake amfani da su a wasu fannoni. Sannan yana jawo ɗalibai da talakawan masu kwamfuta cikin binciken gaske. Shi Durant ya bayyana cewa yana son nuna GPU na da amfani fiye da ƙirƙirarriyar basira. Magoya baya kan kuma tuna cewa a 1940 masanin Ingila G. H. Hardy ya rubuta cewa ba a samo wa ilimin lambobi wani amfani na yaƙi ba, amma shekara 37 bayan nan ilimin ya zama ginshiƙin ɓoye saƙonni. Amsar masu suka ita ce wannan nasarar daga ƙa'idojin Fermat da Euler ta fito, ba daga tseren wa ya fi girma ba. A wannan gaɓar gaskiya na tare da su. Hujjar magoya baya ta fi ƙarfi a wajen abin da neman ke haifarwa a gefe.

Akwai kuma batun wa zai iya shiga tseren nan gaba. A Disamban 2018 Patrick Laroche, wani ɗan sa-kai a jihar Florida, ya gano wadda ta gabata, mai alƙaluma 24,862,048, da kwamfuta irin ta kowa, a gwajinsa na huɗu. Binciken Durant ya kawo ƙarshen shekara 28 da kwamfutocin gida suka yi suna riƙe da wannan fagen. Har yanzu kowa na iya sauke manhajar kyauta ya karɓi tasa p ɗin, amma rabonsa na sa'a ya ragu idan aka kwatanta da mai iya hayar dubban na'urori.

## Inda abin ya shafi mutane

Tsarin ɓoye bayanai na RSA, wanda Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka ƙirƙira a 1977, ya dogara ne kacokan kan bambancin da aka bayyana a sama. Ninka 89 da 97 aikin minti ɗaya ne, amsa 8,633. Amma a ba mutum 8,633 a ce ya nemo waɗanda suka haife ta, sai ya gwada gagara-raba 23 a banza kafin ta 24 ta shiga. A RSA ana zaɓar gagara-raba biyu a asirce, kowace mai alƙaluma kusan 300, a ninka su a samu lamba mai alƙaluma 617 a mabuɗin da aka fi amfani da shi. Ita wannan ake nuna wa duniya, iyayenta biyu kuma su ne sirrin. Samar da iyayen abu ne na ɗan lokaci ga kwamfuta, domin gwada ko lamba gagara-raba ce yana da sauƙi. Farfasa 'yar tasu ne ya gagara. A Fabrairun 2020 wasu masana suka farfasa irin wannan lambar mai alƙaluma 250, kuma aikin ya ci abin da ya kai shekara 2,700 da a ce ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya ce ta yi shi.

Daga nan dalilin rashin amfanin lambar Oktoba a tsaro ya fito fili. Mabuɗi sirri yake so, ita kuwa duniya ta san ta, kuma danginta 52 ne, ɓarawo zai gwada su duka cikin ƙiftawar ido. Ga kuma girman da zai sa buɗe shafi ɗaya na intanet ya zama jidali.

Ƙananan 'yan dangin ne ke aiki a na'urorin mutane. Ana amfani da 2^521 − 1 a ɗaya daga cikin tsare-tsaren ɓoye bayanai da hukumar NIST ta Amurka ta amince da su. Hanyar Mersenne Twister, wadda Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura suka ƙirƙira a Japan a 1997 don fitar da lambobin ƙuri'a a manhajoji irin su Python, an gina ta kan 2^19937 − 1.

Farautar ita kanta ta taɓa kare masu sayen kwamfuta. Lissafin gagara-raba ba ya yafe kuskure ko na alƙalami ɗaya, don haka yana tona aibin na'ura. A 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a jihar Virginia, yana aiki kan gagara-raba tagwaye, irin su 11 da 13 masu tazarar 2, sai ya lura ƙwaƙwalwar Pentium ta kamfanin Intel na kuskure a wasu rabe-rabe. Maye gurbinsu ya ci wa kamfanin dala miliyan 475. A farkon 2016 manhajar Prime95 ta GIMPS ta bankaɗo wani aibi da ke sandarar da ƙwaƙwalwar Skylake ta Intel, aka gyara shi ta hanyar sabunta manhajar na'ura. Har yau masu haɗa kwamfuta na amfani da Prime95 don gwada ko na'ura za ta jure aiki mai nauyi.

Sauyin da zai iya taɓa asusun mutane daga wata fuska zai zo. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantam, wata sabuwar irin kwamfuta mai aiki da dokokin ƙwayoyin zarra, in ta samu isasshen ƙarfi za ta iya farfasa manyan lambobi cikin sauri, abin da zai karya RSA. Ba a ƙera mai irin wannan ƙarfin ba tukuna, amma a Agustan 2024 NIST ta fitar da rukunin farko na sabbin ƙa'idojin ɓoye bayanai da ba su dogara da wahalar farfasa lamba ba. Bankuna da kamfanonin intanet ne za su yi aikin ƙaura zuwa gare su, kuma ga mai waya abin zai iso ne ta hanyar sabunta manhaja. Wanda ke riƙe da tsohuwar na'urar da ta daina karɓar sabuntawa shi ne zai fi zama a baya.

## Zango na gaba

Gidauniyar EFF ta Amurka ta riga ta biya dala 50,000 kan gagara-raba ta farko mai alƙaluma miliyan ɗaya, wadda aka gano a 1999, da dala 100,000 kan mai miliyan goma, wadda aka gano a 2008 a jami'ar UCLA. Ladan da ke jira shi ne dala 150,000 ga wanda ya fara kawo mai alƙaluma miliyan 100, sai dala 250,000 ga mai biliyan ɗaya. Kafin lambar Mersenne ta kai alƙaluma miliyan 100, sai p ta haura miliyan 332, kusan ninki biyu da rabi na ta Durant, kuma kowane gwaji a wannan girman yana cin lokaci fiye da ninki shida na wanda aka yi a San Antonio.